Yadda Mai Bi Yake Fara Tsafi

Ɗan'uwana mai karatu, kada kan wannan magana ya sa ka tsallake ta da zaton da wasu ake yi. Da kai nake, da ke kuma 'yar'uwata, ku da kuke da katin baftisma a cikin akwati, kuke kusantar teburin Jibin Ubangiji, kuke ba da zakka a kan kari. A shekarun da na yi ina kiwon garken Ubangiji ban taɓa ganin wanda ya tashi da safe ya ce yau zai fara koyon tsafi, kamar yadda yaro yake cewa zai koyi ɗinki ko kanikanci ba. Amma na zauna da masu bi da dama waɗanda suka yi nisa a cikinsa. In ka tambaye su ranar da suka fara sai su yi shiru, domin a ranar ba su san farawa suke yi ba.

In ka san Kano ka san Titin Zariya. Daga Gyadi-Gyadi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, in ka miƙe kudu ba za ka daɗe a cikin A Daidaita Sahu ba za ka iso Unguwa Uku, inda tashar mota take, mai lodin Zariya da Kaduna da Jos da garuruwan da ke kan hanya. Duka biyun a ƙaramar hukumar Tarauni suke. A wancan kai akwai likitoci masu faɗa wa mutum gaskiya gwargwadon abin da gwaji ya nuna: wannan ciwo zai ɗauki lokaci, wancan sai an yi aiki, wani kuwa sai dai a riƙa lallaɓa shi har iyakar rai. A wannan kai kuma akwai mota mai jiran cikon mutum ɗaya, akwai wata gwaggo ko wani abokin aiki da ya san wani mutum a wani ƙauye bayan Kwanar Ɗangora, wanda aka ce bai taɓa cewa abu ya gagare shi ba. Mai jinyar da ya yi kwana 40 a kan tabarma, kuɗinsa ya ƙare, ya yi addu'a har muryarsa ta dushe bai ga sauyi ba, ba ya bukatar a daɗe ana lallashinsa kafin ya hau motar nan. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Kafin mu yi nisa bari mu raba kalmomi, gama sun cakuɗe a bakin mutane, cakuɗewar kuwa tana ɓarna. Tsohuwar da ta dafa wa jikanta ganyen darbejiya ko sabara ba ta yi tsafi ba. Maɗorin da ya ɗaure karaya da karare bai yi ba. Allah ne ya halicci saiwa da sassaƙe, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci suke bayarwa yau, daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade aka fara samo shi a ƙasar Sin. Iyakar tana wurin da aka daina magana a kan abin da ke cikin ganyen aka koma ga sharuɗɗa: a cire shi da tsakar dare, kada a yi wa kowa magana a hanya, a yanka baƙin zakara, a binne a mararraba, a ambaci sunan wane da sunan uwarsa. Daga nan kuma sai sunayen da kowa ya sani ko da yana nuna bai sani ba, su sammu da kurciya da farraƙu da mallaka, su laya da guru da kambu, su bugun ƙasa. Maita kuwa wani abu ne dabam. Ita zargi ce da ake ɗora wa mutum, a ce yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutane. Za mu dawo kanta, domin a can ne jini yake zuba.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin yadda ake shiga. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna a Dutsen Dala yana hidimar Tsumburbura. Shi kaɗai yake shiga wurin tsafin, jama'a su kawo baƙaƙen dabbobi, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekara. Abin da ake saye ke nan tun daga wancan zamani, wato sanin gobe. Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, daga ƙasar Sumaila da Tudun Wada da Rogo, kuma ba mu bukatar Bature ya faɗa mana yadda bori yake, ko da yake Turawa sun rubuta. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, Fremont Besmer kuma ya fitar da littafi a 1983 a kan 'yan borin Kano da makaɗansu. Abin da suka gani shi ne abin da kakanninmu suka faɗa mana. Ba kasafai mutum yake zaɓar zama ɗan bori ba. Ciwo ne yake kai shi, ciwon da ya ƙi jin magani, ko rashin haihuwa, ko mutuwar 'ya'ya a jere. Sai a ce masa iskoki ne suke nemansa, ba kuwa za su bar shi ba sai an yi masa girka. A killace shi kwanaki, a yi ta kaɗa garaya, har su Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Inna su hau shi. Ka lura da kalmar. Girka ita ce ɗora tukunya a kan wuta. Ya shiga yana majinyaci, ya fito yana doki, ko godiya in mace ce, dabbar hawan wani. Daga ranar kuma akwai tufafin da zai saya wa kowane iska, akwai dabbar da zai yanka mai launin da aka zaɓa masa, har mutuwarsa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun daɗe suna yaƙi da wannan. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ake jan mata daga bori zuwa karatu, kuma har gobe malamansu suna wa'azi a kan bokaye da 'yan tsibbu.

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana hoton ɗan koyo guda ɗaya, cikakke, a sura ta 28 ta littafin Sama'ila na fari. Ina roƙonka ka buɗe ka karanta da kanka a hankali. Sarki Saul ba matsafi ba ne. Shi ne ma ya kori masu duba da masu kiran matattu daga ƙasar, da a yau ne da mun ce shi ne shugaban kwamitin horo na ikkilisiya. Sai ga Filistiyawa sun kafa sansani a Shunem, shi yana Gilbowa da rundunarsa, Sama'ila ya rasu an binne shi a Rama. Da ya hangi yawan abokan gaba sai zuciyarsa ta kaɗu. Ya nemi Ubangiji, kada mu hana shi wannan, ya nema. Ba amsa ta mafarki, ba ta Urim, ba ta bakin annabawa. A cikin wannan shiru ne ya juya ga fadawansa ya ce su nemo masa mace mai kiran matattu.

Abin da yake ba ni mamaki kullum shi ne saurin amsarsu. Ba su ce a ba su mako guda su bincika ba. Nan take suka ce akwai wata a Endor. An kafa doka, an yi shela, an kori masu sana'ar, amma a fadar sarki ma an san ƙofar gidanta. Haka yake har yau. A kowace zumuntar mata, a kowane rukunin mawaƙa, a cikin dattawa ma wani lokaci, akwai wanda ya san hanyar Endor, kuma ba mugu ba ne. Tausayinka yake ji. Zai ja ka gefe bayan an tashi sujada ya ce, “Ai ba barin Yesu za ka yi ba, a haɗa ne kawai. Allah ma ya ce tashi in taimake ka.” Wannan maganar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, amma na ji ta a bakin masu bi fiye da ayoyi da yawa da suke ciki.

Sai Saul ya tuɓe tufafin sarauta ya sa waɗansu, ya ɗauki mutum biyu, ya tafi da dare. Masu nazarin taswirar ƙasar sun nuna cewa Endor tana bayan Shunem ne in ka taso daga Gilbowa, wato sai da ya raɓa ta gefen sansanin maƙiyan da yake tsoro kafin ya isa. Darasin farko da ɗan koyo yake ɗauka ke nan, tun kafin a ba shi wani ƙulli: sauya riga, tafiyar dare, da shaidu kaɗan waɗanda ba za su yi magana ba. Matar da ta ce wa mijinta za ta gaida uwarta a ƙauye, magidancin da ya cire zoben aure da ɗan gicciyen wuyansa a cikin mota ya ba da sunan da ba nasa ba, sun riga sun ci wannan jarrabawa. Da matar ta ji tsoron doka, Saul ya rantse mata da sunan Ubangiji cewa ba abin da zai same ta. Ka ji fa. Da sunan Ubangiji ya buɗe ƙofar abin da Ubangiji ya hana. Kuma me ya samo? Ba wani sabon labari. Abin da Sama'ila ya faɗa masa tun yana da rai shi aka maimaita masa, aka ƙara masa da cewa gobe shi da 'ya'yansa za su mutu. Ya faɗi ƙasa warwas, ga yunwa ta yini da kwana. Matar nan ce ta ji tausayinsa, ta yanka ɗan maraƙinta mai ƙiba, ta toya gurasa, ya ci, ya tashi ya koma cikin daren.

Shirun da Allah ya yi wa Saul yana da tarihi. Shi ne ya sa aka kashe firistoci 85 na Nob, wanda ya tsira kuma ya gudu da falmaran zuwa wurin Dawuda. Shi ne tun da fari a Gilgal aka ce ya jira kwana bakwai, da ya ga jama'a suna watsewa ya kasa ƙarasa jiran, ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ne. Ba ina cewa duk wanda Allah ya jinkirta wa amsa mai laifi ne kamar Saul ba. Ayuba bai yi laifin da ya jawo masa masifarsa ba, Hannatu ma haka. Ina nuna maka ne cewa hanyar Endor daga Gilgal ta taso, daga ranar da mutum ya yanke a zuciyarsa cewa sakamakon da yake so ya fi Allahn da yake bayarwa muhimmanci, in wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa zai ƙwanƙwasa wata.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin matakin farko a wurinmu, ya kuma riga laya, ya riga hawa mota. Tambaya ce ƙarama: “Wa ya yi mini?” Likita yana amsa tambayar mene ne. Boka yana amsa tambayar wane ne, kuma ita zuciyar da ke ciwo ta fi so, domin ba ka iya fushi da ƙwayar jini, amma kana iya fushi da kishiyar uwarka. Na san wani gida na masu bi da suka binne 'ya'ya biyu, na ukun kuma yana ta ciwon ƙashi, idanunsa sun yi ɗorawa. A da can da an ce wabi ne, a sa wa yaron suna Ajuji ko Ayashe don a yaudari mutuwa. Gwajin jini ya nuna sikila ce. Uba da uwa kowannensu yana ɗauke da rabin ƙwayar, kuma in haka ta kasance, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita. An yi musu wannan bayani dalla-dalla. Amma wani ɗan'uwan mijin ya kai su wurin mai duba, mai duba kuwa bai ambaci suna ba, ba su cika ambata ba. Cewa ya yi akwai wata tsohuwa a gidan, doguwa, mai yawan shiga ɗakin yaran. Wace tsohuwa ce ba ta shiga ɗakin jikokinta? Suka dawo gida da sunan da su da kansu suka cike. Matar da ta goya mijin nan a bayanta ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin da ba mai ɗaga labulensa, in ta miƙa wa yaro ƙuli-ƙuli a fizge shi daga hannunsa. Yaron kuma aka dakatar da kai shi asibiti wata da watanni, tunda ai an gano inda ciwon yake.

Almajiran Yesu ma sun yi wannan tambaya. A sura ta 9 ta Bisharar Yahaya sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so a nuna musu mai laifi, shi ko iyayensa. Ubangijinmu ya ƙi ba su sunan kowa. Ya juya maganar zuwa ga aikin da Allah zai yi a kan mutumin, sa'an nan ya kwaɓa laka ya shafa masa a ido. Ka bincika Bisharu huɗu ɗin nan daga farko zuwa ƙarshe. Ya fitar da aljanu ba adadi, amma ba za ka sami wuri ɗaya da ya ce wa wanda ya warkar wane ne ya turo masa ba.

Ba ƙaramin abu ba ne zargin maita, kuma ba na ƙauye kaɗai ba ne. A arewacin Ghana akwai garin Gambaga, inda tsofaffin matan da aka kora daga gidajensu da wannan zargi suke fakewa shekara da shekaru. A jihar Akwa Ibom abin ya kai ga yara ƙanana, har gwamnatin jihar ta sa hukunci a kan mai zargin yaro da maita a dokar kare yara ta 2008, kuma abin kunya ne cewa a bakin masu kiran kansu bayin Allah zargin ya fi fitowa. Turawan da suka kawo mana bishara su ma sun bi ta nan. A garin Salem na Amurka, a 1692, masu zuwa majami'a kowace Lahadi suka rataye maƙwabtansu 19. A nan Arewa kuma, kundin dokokin laifuffuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya haɗa mai da'awar yana da ikon maita da mai zargin wani da ita a ƙarƙashin hukunci ɗaya. Masu tsara dokar sun ga abin da masu wa'azi da yawa ba su gani ba, cewa su biyun abokan ciniki ne a kasuwa ɗaya.

Za ka tambaye ni, to Fasto, abin yana ci ko ba ya ci? Ba zan ce maka duk ƙarya ne ba, gama Maganar Allah ba ta ce haka ba. Akwai Shaiɗan, akwai mugayen ruhohi, Bulus kuma ya ce da su muke kokawa. Ba kuma zan ce maka duk gaskiya ne ba. Mafi yawan abin da na gani da idona wayo ne: yaron boka yana zaune a cikin masu jiran layi yana sauraron hirarsu, allurar da aka “ciro” daga cinyar majinyaci tun da fari tana tsakanin yatsun mai cirowa. Tsafi gaskiyar mai shi, in ji Hausawa. Amma ko ya ci ko bai ci ba, kuɗin shiga ɗaya ne. Za a ce ka dawo da baƙin bunsuru, ga kasuwar 'Yan Awaki nan kusa da tashar. In abin ya lafa, an ɗaure ka da godiya da tsoron karya sharaɗi. In bai lafa ba, an ce maƙiyinka ya sake shiri, sai a ƙara ƙarfi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban taɓa ganin wanda ya je sau ɗaya ya dawo da ƙarancin tsoro fiye da yadda ya tafi ba.

Akwai kuma wanda ba zai taɓa taka ƙofar boka ba, amma ya sami hanyar yin abin nan a cikin majami'a. Wannan ya fi wuyar magani, domin yana da kamannin ibada. Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin jariri, a buɗe a wata zabura, alhali ba wanda ya karanta ta a gidan. Man zaitun mai farashi hawa-hawa. Ruwan da aka ce a yayyafa a ƙofar shagon abokin gasa. Wani mai kiran kansa annabi, wanda zai dube ki ya ce akwai wata a dangin mijinki. Me ya raba shi da mai bugun ƙasa, ban da kwat da lasifika? Macijin tagulla da Musa ya yi a jeji, da umarnin Allah ya yi shi, mutane kuma sun rayu ta wurin dubansa. Bayan ɗaruruwan shekaru Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har sai da Sarki Hezekiya ya farfashe shi. A Afisa 'ya'yan Siba su bakwai sun ɗauki sunan Yesu kamar kalmar surkulle, suka gwada ta a kan mai aljan, suka fita daga gidan tsirara da raunuka. Sunan bai yi rauni ba. Su ne suka ɗauke shi makami a hannunsu, ba su san Mai sunan ba.

Samarinmu kuwa ba su bukatar tashar mota. Bokan yana cikin wayarsu, a Facebook da TikTok, yana tallan kuɗin dare ɗaya, ana tura masa kuɗin kayan aiki ta banki. Yawancinsu damfara kawai ake yi musu. Kaɗan daga cikinsu kuma sun kai ga zubar da jinin mutum, mun kuwa ji irin shari'o'in a gidajen rediyo.

Wani zai ce shi nasa gado ne, kan gida ne, tun kakanni ake yanka wa abin, in ya bari zai haukace ko 'ya'yansa su ƙare. Ina so ka san labarin Byang Kato. An haife shi a ƙasar Kwoi a 1936, aka keɓe shi tun yana jariri domin ya gaji aikin tsafin gidansu, aka kuma yi masa al'adun shiga na mutanen Jaba. Yana ɗan shekara 12 ya ji bishara a makarantar mishan ya ba da gaskiya, ya sha duka da horon yunwa a gida saboda haka. Wannan yaron ne ya zama babban sakataren ECWA, daga baya a 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe sakatarcin ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Ya rasu a 1975 yana da shekara 39, mu kuma da muka shiga makarantar tauhidi bayansa mun karanta rubutunsa. Mahaifinsa ma, wanda ya yi masa dukan, daga baya ya bi Almasihu. Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa cewa a kan gicciye aka kwance wa ikoki da mulkoki ɗamara, aka kunyata su a bainar jama'a. Alkawarin da kakanka ya ɗauka ba da jini mai tsada kamar wannan aka ɗaure shi ba.

Ina da magana da dattawa da shugabannin zumunta su ma. Ikkilisiyar da lokacin shaida a cikinta na waɗanda aka amsa wa ne kaɗai, mai sabuwar mota da mai sabon jariri, tana koya wa sauran su ɓoye ciwonsu. Matar da ta shekara 12 ba haihuwa tana zaune a bencin baya tana tafa wa wasu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi kuka tare da ita. Zabura cike take da kukan masu tambayar Allah har yaushe, amma da wuya ka ji an karanta irin waɗannan ranar Lahadi. Wanda ba a ba shi wurin da zai ce “na gaji” da rana ba, zai nemi inda zai faɗa da dare. Kuma in aka ɗora horo a kan wanda ya zo da kansa ya furta, aka kira sunansa a gaban jama'a, to an rufe bakin mutum goma da suke bayansa. Zumunta ta tara kuɗin magani, a raba kwanan jinya a tsakanin iyalai, a raka mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali zuwa wurin likita, ga asibitin Dawanau nan ba nisa, a yi addu'a ana tafe. Mai jinyar da yake da mutum biyu na ikkilisiya a gefensa ba ya sauraron gwaggon nan da sauri.

A Afisa, bayan abin da ya sami 'ya'yan Siba, Luka ya ce waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ne suka fito suna bayyana ayyukansu. Masu bi ne, littattafan sihirin kuwa suna nan a gida. Suka tattaro su suka ƙone a gaban kowa, da aka yi lissafi kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. In kowace azurfa ladan yini guda ce ta ɗan ƙodago, aikin sama da shekara 130 ke nan ya tashi a hayaƙi. Ba su sayar ba, ba su ba wani ajiya ba.

In akwai abin da aka ɗinke maka a cikin matashi, ko aka binne a bakin ƙofa, ko yake ɗaure a ƙugun ɗanka, kada ka jefa shi a kwata da dare kai kaɗai, gama da dare ka karɓo shi. Nemi fastonka da dattijo ɗaya ko uwa ɗaya a cikin zumunta wadda ka amince da bakinta, ka faɗa musu inda ka je da abin da aka ce ka yi, ku kwance shi tare da rana, ku ƙone, ku yi addu'a. In an dakatar da maganin asibiti, a koma a wannan makon. In kuwa a tafiyar nan ka dawo da sunan wani a zuciyarka, ko ka furta shi ga mutum ɗaya tak, to akwai gidan da za ka fara zuwa kafin ka zo wurinmu. Ka tafi da ƙafarka, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata abin da ka faɗa a kanta da waɗanda ka faɗa wa. Ka tafi da yaran. In ta kawo abinci, ku ci.